A Bar Mana Malam Naziru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma Dagaci, Malam Liman, Sakataren Ilimi da ya taso daga Makoda, Hedimasta da malamansa, iyaye maza da mata, 'ya'yanmu ɗalibai, da duk wanda ya ajiye fartanya ya zo, ina yi muku barka da zuwa. Sunana Abdulkabir, shugaban kwamitin iyayen yara na wannan makaranta. Mun gode wa ƙungiyar da ta ba mu kayan haɗa mutum-mutumi, mun gode wa waɗanda suka share filin nan.

An taru ne don ganin aikin yara, amma kowa ya san akwai magana a ƙasa: ana shirin ɗauke Malam Naziru, malamin kimiyya, bisa laifin ɓarnar kayan makaranta. Zan faɗi yadda abin ya faru, Sakatare ya auna.

Da farko, kayan nan sun iso shekara biyu da suka wuce. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka kai kwalayen sito aka danna kwaɗo. Ban ga laifin Hedimasta ba, domin haka muka tashi muka gani. Sabuwar tabarma ta baƙi ce, sabon kwano na jere ne, sabuwar riga sai Sallah. Duk baƙon da ya zo makarantar, a buɗe masa sito, ya leƙa, ya ce madalla, a rufe.

Na biyu, da aka turo mana Malam Naziru bara, ya nemi makulli. Aka ce ya bari tukuna. Ya sake nema, aka ce yara ɓarna gare su. Da naci ya samu rabin kayan. Ya koya wa yara haɗa waya da batir, ya koya musu rubuta wa na'ura umarni a kwamfuta, ta bi. Kun san gonakinmu kafaɗa da kafaɗa suke, kun san yawan rigimar da akuya ɗaya ke jawowa gaban Dagaci da damina. To, ga abin da Tahira 'yar aji biyar da ƙawayenta suka haɗa can a kan tebur: akuya na kusantar darni, sai abin ya fasa kuka. Kafin ya yi aiki, sai da suka ƙona allon na'ura biyu, saboda sun juya waya. Wasu yaran suka karya ƙafar wata 'yar mota da ke cikin kayan. Ɓarnar ke nan da aka kai ƙara a kanta.

Na tambayi Tahira, "Ke kika ƙona kayan gwamnati?" Ta ce, "Ni ce, Baba. Jar waya na sa a wurin baƙa. Amma yanzu ko ido rufe ba zan kuma ba."

Na uku, ranar Talata kwamiti ya shiga sito tare da Hedimasta don mu ga rabin da aka adana. Jama'a, gara ta cinye kwalayen ta ƙasa. Batiran sun fashe, sun zubo a kan allunan, wayoyin sun yi tsatsa. Ko ɗaya bai tashi ba. Hedimasta da kansa ya yi salati ya fita waje. Wallahi ni ma abin ya yi mini ciwo, domin ina cikin masu cewa a adana.

Saboda haka, ranka ya daɗe Sakatare, ga kaya kashi biyu a gabanka. Kashi ɗaya yara sun taɓa, sun ƙona, sun karya, yana aiki. Kashi ɗaya ba wanda ya taɓa, ya mutu. Mu iyaye muna roƙo, muna kuma sake roƙo, a bar mana malamin nan. In ya tafi, ba mai iya wannan darasi a nan, abin da ya rage ma sito zai koma.

Allah ya ja zamanin Dagaci, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya. 'Ya'yanmu kuma Allah ya ba su abin da za su ɓata har su iya, ya ba mu haƙurin kallo.

Na gode.