Yatsun Jikata

A rumfar mai kayan kamun kifi wata mai suyar kifi ta fake wa ruwan sama, idonta a kan ragar da wani tsoho yake dubawa.

"Baba, wannan ai ko sauro ba zai wuce ba. Ba an ce sai mai idon da yatsu uku za su shiga ba?"

"Suna shiga, 'yata. Na gwada."

"Da waɗannan yatsun naka kamar rogo?"

"Da na jikata. Doka ba ta ce yatsun wa ba."

"Ashe ku kuka ƙarar da kogin nan! Har 'ya'yan kifin kuke kwashewa. Da can tarwaɗa ɗaya sai ta cika min kasko."

"Ni ko cin kifi ba na yi. Kafin in ɗaure kwalekwale mata sun saye tas."

"Marasa tsoron Allah!"

"Wallahi kuwa. Wai ƙananan ba sa shan mai."

Ruwa ya tsagaita, tsoho ya naɗe ragarsa.

"Baba, ta ina kake fitowa ne?"

"Bayan gada. Ki yi sammako, 'yan'uwanki ba sa jira."