Tsaga a Kusurwar Gilashi

A bencin shagon mai gyaran talabijin, wani dattijo ya tokare ƙatuwar talabijin filasma da gwiwa. Mutumin da ke jiran rediyonsa a gefe ya leƙo.

"Baba, wa ya kwance ta haka?"

"Ni ne. Tun ranar da muka sauya gida ta daina kawo hoto. Na ce tunda na yi ritaya, kada kowa ya taɓa, ni zan tashe ta. Wata huɗu ke nan tana kan teburin cin abinci, kusoshinta a kiret ɗin ƙwai. Uwargida ta daina tambaya, sai kallo."

"Wannan tsagar ta kusurwa fa?"

"Tun ranar kwashe kayan ce."

"To ai irin wannan akwai iska a cikin gilashinta. Yana tsagewa, iskar ta fice. Ko wanda ya ƙera ta ba zai mayar ba."

"Wato ba hannuna ne ya gaza ba?"

"Gawa ka yi ta jinya, Baba."

Dattijon ya sauke numfashi, har da 'yar dariya. "Kai ma mai gyara ne?"

"Direba ne ni. Shekara na yi a kan tawa kafin wani ya faɗa mini. Tana nan ƙarƙashin gado, matata na zaton saura kaɗan."

Dattijon ya ciro waya daga aljihu. "Ɗana, bari in kira uwargida. Ka maimaita maganar iskar nan a hankali, yadda za ta ji."