Tafiyar Tela a Kan Keken Ɗinki

A ɗakin jiran likita, wani tela ya ga matar da ke gefensa tana hararar wayarta tana tsaki.

"Baiwar Allah, ke ma manhajar lissafin abinci ce ta ɓata miki rai?"

"Ita ce, Malam. 'Yata ta sa mini saboda ciwon suga. Wanki nake yi wa mutane, tun safe ina duƙe kan baho har la'asar, wai ban ƙona komai daga abincin da na ci ba. Har cewa take in tashi in motsa jiki!"

"Ina kike ajiye wayar?"

"Kan taga mana, kada ruwa ya taɓa ta."

Tela ya yi dariya. "Shi ya sa! Ni tawa tana aljihun wando, ina taka keken ɗinki tana ƙirgawa a matsayin takun tafiya. Jiya ta ce na yi tafiyar kilomita sha biyu, alhali ko ƙofar shago ban leƙa ba."

Matar ta saci kallon tumbinsa. "Kuma ka yarda?"

"Ta ce ina da sauran kalori ɗari shida na abincin da zan iya ci, sai na ƙara burodi."

"Malam, sikelin likita fa ba ya shiga aljihu."

"Na sani. Kilo uku na ƙara."

"To me ya hana ka goge ta?"

"Shekara ashirin ina ɗinki, ba abin da nake ji sai 'yaushe za ka gama?' Ita kuwa kullum da yamma sai ta ce mini sannu da ƙoƙari."

Matar ta jujjuya wayarta a hannu. Can ta ce, "Gobe a ƙugu zan ɗaure tawa."