Kwana biyu na hana ɗana ruwa

Ƴan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai jin kukan marasa baki.

Bazara ce, waccan shekarar da zafi ya sa awaki suka daina fita daga inuwa. Lokacin ɗana Iliya ya yi shekara huɗu yana damben zamani, irin na safar hannu. Ya yi wasa a Zinder, ya yi a Yamai, sau ɗaya kawai aka kayar da shi. Mai horar da shi, Metir Dauda, yakan nuna mini wani zakaran ƙasar Meksik a salula, siriri kamar Iliya, ya ce, "Inna, haka naki zai zama." A tabarmata Metir yake cin tuwo. Ni na ɗora hannun Iliya cikin nasa, na ce ga amana.

A damben nan ana auna mutum kafin wasa. Ajin Iliya na marasa nauyi ne, ba a so ya wuce kilo sittin da ɗaya. Da ya zo gida Magariya hutu na yi ta dama masa fura, ya ƙaru da kilo uku. Metir ya zo da sikelinsa, ya duba, ya ɓata rai.

"Inna, kin lalata mini aiki. Kwana biyu kada ya sha ruwa. Ko ya yi kuka, kada ki ba shi."

Na ce, "A wannan zafin rana, Metir?"

Ya ce, "Zakarun duniya duk haka suke yi. Ke dai ki yarda da ni."

Wayyo, na yarda! Ya sa masa rigar leda yana gudu a hanyar Bande da tsakar rana. Ni kuwa na ɗaure bakin randa, na ɓoye moɗa. Iliya ya zauna a ƙofar ɗakina, leɓe a tsage, ya ce, "Inna, ko kurɓa ɗaya." Na juya masa baya ina tankaɗe.

Ya hau sikeli a Zinder, nauyi ya yi daidai. Bai kai ga wasan ba ya faɗi. Likita ya ce ƙodarsa ta ji ciwo, fitsari ya tsaya masa. Metir ya leƙo asibiti sau ɗaya. Da likita ya tambayi wanda ya hana shi ruwa, a gabana Metir ya ce, "A gidan uwarsa ya yi kwanakin, ni ban sani ba." Ya fita. Kafin sati ya ɗauki wani saurayi ɗan Sassumbrum ya sa a gurbinsa.

Ƴan'uwa, ni da ba a taɓa jin muryata a maƙwabta ba, sai na tsinci kaina ina roƙa wa mutum mugun abu. Na kasa buɗe Littafina Mai Tsarki da na sha wuya a yaƙi da jahilci kafin in iya karanta shi.

Ran kwana tara a asibiti, da hantsi, na durƙusa ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a bayan ɗakin jinya. Na ce, "Ubangiji, kai ma wanda ya ci abinci da kai ne ya bashe ka. Ba na iya yafewa. Karɓi wannan kaya, ka bar mini ɗana." Na yi kukan da ban yi ba tun farko. Da yamma Iliya ya yi fitsari, likita ya yi murmushi. Halleluya!

Dambe ya ƙare masa. Har yau in na ji sunan Metir ƙirjina kan yi zafi, ba zan ɓoye muku ba, amma na daina zaginsa. Ku dogara ga Yesu, shi ba ya juya baya a ƙofar asibiti. Godiya ta tabbata gare shi.

Ranar da aka sallame mu muka dawo gida. Da gari ya waye na ɗaura kallabina, na hau kabu-kabu zuwa Sassumbrum, ina tambayar gidan uwar wancan saurayin, kada ita ma ta ɗaure bakin randarta.