Ramar Hinnerk

A layin kifi na kasuwar Kiel, garinmu na bakin teku, na tsinci wannan zance, shekara huɗu da fara yaƙi. Wata mata ce a gabana da wani dattijo mai tabarau, ni kuwa na yi kamar ina gyara ɗankwali.

"Kujera ce fa da fanka a kai, bawan Allah," in ji matar. "Jirgin ƙarƙashin ruwa ya ja ta sama da igiya, wai ɗana Hinnerk ya leƙo musu abokan gaba."

"Rage murya, baiwar Allah. Sirrin soja ne."

"Wane sirri? Har mai wankin unguwarmu ta sani. In ya hango abokan gaban fa?"

"Sai ya saki igiyar, ya sauko da laima."

"Jirgin kuma?"

"Ya nutse ya ɓuya."

"Ya bar min ɗa yana iyo a teku ke nan. Wane marar uwa ya ƙirƙiro wannan?"

"Masu ilimi ne. Kuma marasa nauyi kawai ake ɗauka."

"Su suka hana mu man shanu, yanzu kuma ramarsa suke so. Kwana tara ina ɗura masa dankali da kitse. Saura kilo biyu ya fi ƙarfin kujerar, ga shi jibi za a auna su."

"Kilo biyu ba sa samuwa a kwana biyu."

"Kai ina ka sani?"

"Ni nake riƙe da sikelin." Dattijon ya mayar da kai kan kifi. "Ki ce masa ya zo da manyan takalmansa. Idona ba ya ganin ƙasa sosai."