Hannun Kafinta Ya Ƙi Warkewa

Ni da na karye sau huɗu a duniya ban taɓa cewa wash ba, ina zaune a layin likitan ƙashi sai na ji wani dattijo kafinta, hannunsa rataye a wuya, yana magana da matar da ke gefensa. An raba musu takardar da ake tambaya ko sun gamsu da jinya.

"'Yata, rubuta mini ban gamsu ba."

"Me suka yi maka, Baba?"

"Ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, ko filasta ba su sa ba. Ƙyalle kawai suka rataya mini. Yau kuma wai za su cire."

"Ai sauƙi ke nan. Sati nawa?"

"Takwas. Amma har yanzu hannun ko cokali ba ya ɗauka."

"Ikon Allah. Ba da shi ka jawo mini bencin nan ɗazu ba?"

"Mantuwa ce."

"Lallai mantuwar nan tana da ƙarfi. To wa ke sa maka riga?"

"Babban ɗana. Kullum da safe sai ya biyo kafin ya wuce aiki, ya ɓalla mini maɓalli, mu karya tare. Da kuwa sai in yi wata uku ban sa shi a ido ba."

Matar ta juya biro a hannunta.

"To yanzu me zan rubuta, Baba?"

"Rubuta likita ya iya aiki. Gaggawa ce dai ta yi masa yawa."