Sakamakon Jini Yana Hannun Jamaluddeen

Muna zaune a bencin jira na wani asibiti a Goronyo, ɗiyata Mashkura na kwance a cinyata da zazzaɓi, sai wata dattijuwa ta tare mai kula da kwamfutocin asibitin, ta riƙe hannun rigarsa.

"Ɗana, mi ya hana sakamakon jininmu hitowa?"

"Inna, shina cikin kwamfuta. Jiya munka ɗauke ikon buɗe shi daga rukunin tsoffin ma'aikata, munka maida ga sabon rukuni."

"To, buɗe muna."

"Ban kai ga sa kowa cikin sabon ba, sai shugabanmu Jamaluddeen."

"Kira shi mana!"

"'Yan bindiga sun tare motarsu hanyar Rabah da sahe. Wayarshi na shiga, Inna, amma wani daban ka ɗauka."

Ta saki hannun rigarsa. Na taɓa goshin Mashkura, na ji zafin ya ƙaru.